Yamai zuwa Tawa a kar: yadda muka tafi, yadda muka dawo

Wata bakwai rabona da Tawa, har Inna ta aiko mini da saƙo ta bakin ƙanwata: "Ki ce mishi in bai taho ba, ni ina tahowa." Jin haka na nemi izinin ranar Juma'a a wurin aiki, na ɗauki ɗiyata mai shekara shida, muka shiga kar, wato babbar motar fasinja, ta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sufurin nan na Yamai. Kwana uku kawai nake da su, hanya kuma ta kai kilomita 550, don haka kowace awa da mota ta ci mini, daga zaman da zan yi da Inna ta cire ta. Da wannan ma'auni nake auna kamfanin.

Tikiti na yanka tun ranar Alhamis da yamma. Mai sayarwa ta karɓi katin ɗan ƙasa, ta rubuta mana lambar kujera, ta ce mu zo ƙarfe huɗu da rabi. Da muka zo an auna kaya, an manna wa kowace jaka takarda mai lamba, an ba ni rabinta. Akwai masallaci a cikin tashar, akwai butoci da ruwa, makewayi ma ba laifi. Ana sallame asuba aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, babu turereniya a bakin ƙofa. Biyar da rabi muka fita. Wanda ya san zamanin da ake zama a tasha tun safe ana jiran mota ta cika zai gane dalilin da ya sa wannan kaɗai ya faranta mini rai.

Motar sabuwa ce, sanyinta yana aiki har sai da na lulluɓe yarinya da mayafin uwarta. Na yi mata alkawarin raƙuman dawa a wajen Kure, ta manna goshi a gilashi tana jira, ba mu ga ko ɗaya ba, kafin Birnin Gaure barci ya kwashe ta. A Doso an tsaya minti goma, a Dogon Dutsi ma haka. Wuraren jandarmomi ba su ɗauke mu lokaci ba, domin yaron mota yakan sanar tun daga nesa kowa ya fito da katinsa ya riƙe a hannu. Tsayawar cin abinci a Birnin Ƙwanni aka yi, wajen sha biyu da kwata. Direba ya ce minti ashirin, kuma minti ashirin ɗin ne. Na sayi balangu mai zafi a takarda, da ruwan leda na dala biyar-biyar.

Abin da ya fi burge ni da direban nan ya faru bayan mun bar babbar hanya a Tsarnawa mun miƙi arewa. Muna shiga Badagishiri ana huɗuba. Wani dattijo da ke bayana ya ɗaga murya: "Direba, Juma'a fa." Bai yi gardama ba, ya faka a inuwa ya ce, "Alhaji, ku sauka, muna jiranku." Muka bi sahu a kan tabarmi a waje, ƙasa tana ƙona ƙafa, muka dawo. Duk da haka kafin la'asar muna Tawa, kayanmu cif, kowa ya nuna takardarsa ya karɓi nasa.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki tun azahar. "Kun taho lahiya? Ina gajiya? Kawo mini ɗiyata nan." Ni ko kallona ba ta yi ba sai da ta gama juya jikarta tana cewa Yamai ta rame mata yarinya. Fura ta dama da kanta a ƙwaryar da na sani tun ina ƙarami, wadda aka ɗinke tsagarta da zare. Daren nan tuwon hatsi da miyar kuka muka ci a tsakar gida, aka baza tabarmi, kowa ya kwana a waje saboda ɗaki ba ya shiguwa a watan Afrilu.

Asabar ta tafi a gaishe-gaishe. Na je wajen Kawu a Bilbis, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da garin ya tashi daga gare su, na ɗauki faɗan da na san yana jirana kan rashin zuwa. Da yamma muka zauna da wani abokina na ƙuruciya da ya dawo daga cirani a Abijan, kamar yadda Adarawa da yawa ke yi. Shayi uku muka sha, na farko mai ɗaci har na ƙarshe mai zaƙi, hira ba ta ƙare ba. Lahadi kuwa ranar kasuwar Tawa ce. Na kai yarinya ta ga raƙuma na gaske a kara, Buzaye da rawunansu, Fulani da shanu. Na sayi cuku mai yawa na tsaraba, siraran nan masu zanen tabarma a jikinsu, da rabin buhun albasa.

Dawowar ce ta ɓata lissafi. Tikitin Litinin na yanka tun ranar Asabar, amma da muka hau sai na tarar da wata Hajiya a kujerar ɗiyata, ita ma da takardarta, lamba iri ɗaya. Yaron mota ya duba tawa, ya duba tata, ya ce, "Malam, ka ɗora ta a cinya mana, ai ƙarama ce." Na ce na biya mata kuɗin kujera cikakke. Hajiya ta so ta tashi, na ce, "A'a Hajiya, zauna, ba laifinki ba ne." Haka na ɗauki yarinya a cinya har Ƙwanni, inda wani ya sauka.

Motar ma ba irin ta Juma'a ba ce. Tsohuwa ce, ga shi kuɗin tikiti bai ragu da ko dala ba. Muna wuce Dogon Dutsi sanyi ya mutu. Duk wanda ya shiga irin waɗannan motoci ya san gilashinsu ba ya buɗewa, an ƙera su ne don sanyi, idan ya tsaya kuwa ciki tanderu ne. Rana ta take, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, mutum fiye da hamsin a rufe. Jariri a gabanmu ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe, uwarsa tana jiƙa ɗankwali tana shafa masa. Ɗiyata ta daina magana gaba ɗaya, ta kwantar da kai a kafaɗata, rigarta sharkaf. Wannan shirun nata ya fi komai tsorata ni. Sai da mutane suka yi ca kafin aka buɗe murfin rufin motar, iska mai zafi da ƙura ta shigo, muka gode Allah da ita.

A Doso muka yi awa ɗaya da rabi ana jiran makanike. Mota takan lalace, ban riƙe wannan a raina ba. Abin da na riƙe shi ne babu wanda ya tsaya ya ce mana ga abin da ake ciki, ko minti nawa za mu yi. Da an faɗa, da mutane sun nemi inuwa sun ci abinci a tsanake, maimakon tsayuwa a jikin mota don tsoron kada ta tashi ta bar su. Ruwan leda ɗaya kamfanin bai raba wa yara ba. Sanyin bai gyaru ba, muka ƙarasa Yamai wajen ƙarfe biyar.

Na je ofishinsu a tashar da takardun kujerun nan. Wanda na tarar ya saurare ni da ladabi, ya ce sai haƙuri, zai kai maganar gaba. Na bar lambar wayata. Mako biyu ke nan, shiru.

Zan sake shiga motarsu? Zan shiga, domin tafiyar Juma'a ta nuna mini sun iya aikin in sun so, direbobinsu kuma ba sa gudun ganganci, tafiya da dawowa. Sai dai zan tambayi wace mota ce za ta tashi kafin in biya, zan zo da wuri in zauna a kujerata, zan kuma riƙo ruwa mai ƙanƙara tun daga gida. Mai ƙaramin yaro ko tsoho mai hawan jini, ina ba shi shawara ya yi haka a watannin zafi, ya kuma nemi kujerar gaba. Kayan da ba sa son danni kuma a riƙe su a hannu: cukun da na sa a ƙasan mota an ɗora masa buhun albasa, rabinsa ya farfashe. Mai kyan na raba wa maƙwabta, gutsattsarin muna sha da shayi.