Wata shida ina aiki da Futura Bold a shagon ɗab'i

Sana'ata zanen banar talla, katin biki da allon shago, kuma na fi shekara goma ina yi da manhajar zane ta CorelDRAW. Irin mu ba ma rasa fon, wato salon haruffa, ɗari biyu a kwamfuta, amma biyar ko shida ne ke cin wuya kullum. Bana na sa Futura Bold cikin waɗannan, bayan wani abokin aiki ya dame ni da zancensa.

Bajamushe Paul Renner ne ya zana shi, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya fitar da shi a 1927. Wato ya kusa shekara ɗari, amma idan ka buga shi a kan fileks sai ka rantse jiya aka ƙirƙiro shi. Sirrin yana cikin ƙirarsa: da'ira, alwatika da miƙaƙƙen layi, shi ke nan. Harafin O kamar an ɗora kamfas an zagaya. Babu 'yan ƙafafun nan da ake gani a gindin haruffan Times New Roman, kaurin layin kuma kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ƙaramin t gicciye ne kawai, j kuwa sanda ce miƙaƙƙiya mai ɗigo, ko lanƙwasa babu. Da wannan salon aka rubuta allon ƙarfen da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969, kuma IKEA, kamfanin kayan ɗaki, ta daɗe tana amfani da shi kafin ta sauya a 2009.

Inda ya burge ni shi ne daga nesa. Na yi wa wani mai sayar da kayan gini allo, farin rubutu a kan shuɗi, manyan haruffa zalla. Da aka kafa, na tsallaka titi na tsaya gefen masu adaidaita sahu na duba. Kalma huɗu ce, kowacce ta fito tsaf, ba sai an zuba ido ba. Maƙwabcinsa mai rubutun kwalliya mai jela-jela sai ka matso kafin ka gane me yake sayarwa. Sai dai manyan haruffansa suna son sarari. O da C da G masu faɗi ne, E da F da S kuwa tsukakku, don haka dole ka zauna ka gyara tazara da hannu, in ba haka ba kalmar ta riƙa yin kamar haƙoran da suka yi giɓi.

Matsalar ta fara ne ranar da wata Hajiya mai turaren wuta ta kawo aikin sitika. Na rubuta "ƙamshi", sai ƙ ɗin ta fito siririya, ta wani fon dabam, tsaye a gaban ƙatti kamar baƙuwa a gidan biki. Futura ɗin da ke kwamfutata ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗana, ka sa k ɗin kawai mana, ai kowa zai gane." Na ce, "Hajiya, a nan za a gane, amma ranar da aka rubuta 'bata' a wurin 'ɓata' fa?" Ta yi dariya ta ce in yi yadda na ga dama, ita dai gobe take so.

Abin da na yi: na mayar da haruffan zane, na yanko kan f mai lanƙwasa na ɗora a sandar k, na daidaita kaurin har suka haɗe. Ya ci mini kusan awa guda, amma yanzu ina da ƙ, ɗ da ɓ nawa a ajiye, manya da ƙanana, duk aikin da ya zo sai in jawo. Masu gudun wahala su ke sa 'yar waƙafi a bayan harafi, k' ko d', abin da ni dai ba na iya kallo a allon da mutum ya biya kuɗinsa.

Akwai wani aibin da sai mai rubuta Hausa zai fi ji. Ƙaramin a na Futura da'ira ce da sanda a gefe, kusan o ke nan. Mu kuwa harshenmu a ne ko'ina. Na gwada shi a cikin katin ɗaurin aure, girma 9, wajen jera sunayen iyalai da adireshi, sai "Alhamis bayan sallar la'asar" ya zama jerin ƙwallaye baƙaƙe, tawada ta cike cikinsu. Na cire, na bar shi a kanun katin kaɗai, sauran na mayar da siririn fon.

Futura na sayarwa ne, lasisi ake biya. Wanda bai da hali ya duba Jost a Google Fonts, kyauta ne kuma daga ƙirar Futura aka ɗauko shi. Kowanne ka sauke, kafin ka karɓi kuɗin kwastoma, fara buga "ƙwai, ɗaki, ɓawo" ka ga abin da zai fito.