Na'urar ƙara ji ta kasuwa: tana da amfani a ɗaki, ba ta da shi a taro

Akwai ƴar na'urar nan mai araha da ƴaƴa ke saya wa iyayensu a Damagaram in kunne ya fara nauyi. Iri biyu ce: wadda ake maƙalawa a bayan kunne, da ta aljihu mai kamar akwatin ashana, da siririyar igiya zuwa kunne. A kwalin akan tarar da robobin kunne masu girma uku, batir ko caja, da ɗan abin murzawa na ƙara murya. Aikinta ɗaya ne, duk sautin da ya shigo ta ƙara masa ƙarfi.

Kafin a yanke mata hukunci sai an san ciwon. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon-koɗi, ɗauke da ƙwayoyi masu gashi kusan 15,000. Wadda ta mutu ba ta dawowa, kuma masu kama siririn sauti, daga 2,000 zuwa 8,000 Hz (ma'aunin sirantar sauti ko kaurinsa), su ke fara tafiya da shekaru. A nan baƙaƙe irin su s, sh, ts da t suke, wasula kuwa suna ƙasa, su ne masu amo. Shi ya sa Baba ke cewa "ina jin muryarka, maganar ce ban gane ba": sara, shara da tsara duk sun zo masa da kama ɗaya. A ɗaki ƙwaƙwalwa na cike giɓin daga ma'anar zance. A Kasuwar Dole kuwa, ga kabu-kabu, ga injin niƙa, ga masu ciniki ta ko'ina, ɗan abin da ya rage na baƙaƙen ma hayaniya ta binne shi. Ƙwaƙwalwar tsoho kuma ta rage saurin ware murya ɗaya daga cikin goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da nauyin ji mai hana harka.

To a irin wannan wuri na'urar ta gaza. Makirfonta na ɗaukar sauti daga kowane gefe, kuma yawancin irinta sun fi ƙarfafa sauti mai kauri, wato rurin injin wuta da na babur, wanda dama tsoho yana jinsa. Murya ta ƙaru, hayaniya ta ƙaru daidai da ita, ba a samu komai ba. Abin da ya fi damuwa shi ne kunnen da ya tsufa ba ya jure ƙara: tsakanin "ban ji ba" da "kana yi mini ihu" tazara kaɗan ce. A ma'aunin ƙarfin sauti, hira ta yau da kullum desibel 60 ce, daga 85 sauti ke fara ɓata kunne in ya daɗe, wasu daga cikin na'urorin nan kuwa suna iya wuce 120 in an murɗe su ƙarshe. Kada a bar Inna da ita a kunne kusa da makaɗa ko lasifikar biki.

A ɗaki shiru, mutum biyu, ko wajen sauraren rediyo, tana taimakawa sosai. Ta aljihu ta fi ta bayan kunne, domin ana iya miƙa akwatin kusa da bakin mai magana. Duk sanda aka rage tazara da rabi, murya na ƙaruwa da kusan desibel 6 alhali hayaniyar wurin tana nan yadda take. Ko a fada wajen shayi, in aka aje ta gaban mai magana ɗaya, ana cin riba.

In tana fito, robar ce ta yi ƙarama, sauti na zurarewa yana komawa makirfo. A sa ta gaba da ita. A fara da lamba 1 a abin murzawa, awa ɗaya zuwa biyu a rana, a riƙa ƙarawa. Ƙurar hunturu na toshe ramin makirfo, zufar bazara na cin wurin batir, saboda haka kullum dare a cire batir, a goge da busasshen ƙyalle, a rufe a gwangwani. In batirin mai ƴar takarda ne, kamar 675 ko 13, a ɓare a jira minti ɗaya, iska ce ke tada shi.

Kafin a kashe ko dala, a kai tsoho wurin likitan ORL (na kunne, hanci da maƙogwaro) ya leƙa kunnen, domin dauɗa kaɗai na iya toshe ji, kuma robar na ƙara tura ta ciki. In kunne ɗaya ne ya ɗauke kwatsam, ko yana zubar da ruwa, ko akwai jiri, wannan na asibiti ne a ranar. Na'urar gaske, wadda ake saitawa bayan an auna ji daga 250 zuwa 8,000 Hz, tana ɗaga siririn sautin da ya ɓace, tana danne ƙara mai yawa. Tana da tsada, kuma ita ma a gidan biki sai mai magana ya matso, ya fuskanci tsoho a wuri mai haske, ya yi magana a tsanake ba da ihu ba.