Kafin ka biya kuɗi a rubuta maka kiɗan kalangu a kwamfuta

Layuka biyar ɗin nan na rubutun kiɗan Turawa suna ɗaukar muryar algaita ko goge ba laifi. Amma ina za ka sa matsar da makaɗi ke yi wa igiyoyin kalangu a hammata har sauti ya hau? Dole ka ƙirƙiro alamarka, kuma a nan gizo ke saƙar: wane tsarin fayil zai karɓi ƙarin bai lalace ba?

Ni dai MusicXML nake so, ba ɓoyo, wato tsarin fayil na ajiye rubutun kiɗa da manhajoji daban-daban ke iya karantawa. Michael Good ne ya ƙirƙiro shi, sigar farko ta fito a 2004, a 2015 ya koma hannun wani rukuni a ƙarƙashin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, siga ta 4.0 kuma ta zo a 2021. MuseScore, manhajar rubuta kiɗa ta kyauta, tana buɗe shi, haka takwarorinta Sibelius da Dorico. Da aka daina sayar da manhajar Finale a 2024, ta wannan ƙofar mutane suka kwashe ayyukansu.

Abin da ya saye ni shi ne masu tsara shi sun san ba za su iya tanadar wa kowane kayan kiɗa na duniya alama ba, sai suka bar gurabe. Akwai other-technical, inda nake rubuta "matsa" ko "saki" a jikin bugun da ya dace. Akwai other-direction don umarnin da ya shafi sashe gaba ɗaya, sai miscellaneous-field inda nake ajiye garin makaɗin da ranar ɗauka. Fayil yana nan lafiya lau bisa ƙa'idar. Illarsa guda: manhaja tana iya tsallake waɗannan gurabe ba ta nuna su ba, don haka nake maimaita kalmar a matsayin rubutu a saman layi, mai karatu ya gani.

MEI, wani tsarin fayil ɗin da Perry Roland ya faro a Jami'ar Virginia, ya fi shi sassauci, domin da ODD, hanyar da ake bi a gyara dokokinsa, kana iya ƙera sabuwar alama tare da ƙa'idarta. Aikin masu adana tarihi ne irin na Gidan Arewa, ba na mai koyar da mawaƙa a Sabon Tasha ba. ABC, mai rubuta kiɗa da haruffa zalla, yana shiga saƙon WhatsApp, iyakarsa ke nan a wurina. LilyPond ya iya buga shafi mai kyau, amma sai ka zama rabin mai rubuta manhaja.

Ga inda na ƙone. Na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta kiɗa goma sha biyu, ya ce ai ƙara alama ba komai ba ne. Ashe buɗe fayil ɗin ya yi, ya ƙirƙiri sunaye daga kansa ya cusa a tsakiya, har ya sa tsawon bugu kafin sautinsa, alhali jerin yana da doka. A kwamfutarsa komai ya fito tsaf, domin PDF ya nuna mini. Na koma gida Tudun Wada, fayil ya ƙi buɗewa.

Irinsu suna da yawa. Wani zai canza wa PDF suna ya ƙare da .musicxml. Wani zai ɗauki hoton shafi, manhaja ta karanta shi da kurakurai, ya miƙa maka bai saurara ba. Ga masu sayar da Sibelius na sata a filashi, su ce "orijina" ne, alhali MuseScore ko sisi ba a biya.

Kada ka ba da cikon kuɗi sai an buɗe fayil ɗin a Notepad gabanka. Nemi kalmar score-partwise kusa da sama, alamar cewa MusicXML ne. In .mxl ne, matsattsen zip ne, a warware shi tukuna. Sannan a gwada shi da xmllint, manhajar duba kurakuran fayil, bisa musicxml.xsd, wato fayil ɗin dokokin sigar da aka ce an bi, a kuma buɗe shi a kwamfutarka, ba tasa ba. In ya ce maka saƙon kuskuren "ba wani abu ba ne, ranka ya daɗe", ɗauki filashinka.