Ganin likitan tiyatar gyaran ciki: abin da ya burge ni da abin da bai yi mani ba

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Masu tambayata ko kuɗin ganin likitan tiyatar gyaran ciki ya cancanci a kashe, amsata ita ce eh, ya cancanta, ko da ba ki shirya yin aikin yanzu ba. Amma ganin likitan nake nufi, shi da kanshi ido da ido, ba hira da yarinyar da ke riƙe masu WhatsApp ba, don a asibitin da na je waɗannan biyun maganarsu ta sha bamban ƙwarai.

Ni a nan Katsina nake, wajen Ƙofar Ƙaura, haihuwa huɗu, biyun ƙarshe aiki aka yi mani. Bayan auta jinina ya fara hawa, likita ya ce lallai in rage jiki, na bar lemun kwalba, na rage tuwon dare, muka riƙa tafiyar ƙafa da maƙwabciyata bayan la'asar, cikin ikon Allah jikin ya sauka sosai, jinin ma ya daidaita. To kitse ya tafi, fata ta tsaya. Ta sauko ta rufe tabon tiyatar, kuma duk wadda ta san zafin Katsina daga Maris zuwa Mayu ta san mi nake nufi in na ce ƙarƙashin fatar nan ba ya bushewa, ƙuraje, ƙaiƙayi, wani lokacin har ya saɓule ya yi wari, ga ciwon baya, ga kuma in zan tashi daga kwance sai tsakiyar cikin ya yi tsini ya taso. A gidan biki an sha yi mani "Allah ya raba lafiya" alhali ba ni da komai. Wannan yana da ciwo, ba na ɓoyewa.

Bel na saya, shayin rage tumbi na sha, ba abin da ya canza. Innarmu kuma ta tsaya a kan cewa don ban ɗaure ciki da zane yadda ya kamata ba ne lokacin wankan jego.

Asibitin na kuɗi ne, a Kano yake, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Na fara tuntuɓarsu ta lambar da ke shafinsu na Instagram, kuma daga nan ne abin ya fara ba ni haushi. Ban gama bayanin kaina ba aka turo mani hotunan wasu mata kafin aiki da bayan aiki, aka ce in turo nawa hoton cikin, aka ce akwai rangwame na wannan watan in na ba da kafin alƙalami. Ba wadda ta tambaye ni shekaruna, ko yaushe na haihu, ko ina da hawan jini. Hoton ban tura ba kuma ba na ba kowa shawarar ta tura, ba ki san wayar hannun wa take kwana ba, sannan matan da aka turo mani hotunansu ban da tabbacin sun san yana yawo. Na ce ni likita nake son gani, aka ba ni rana.

Wurin tsaf yake, wannan kam na yaba. An buɗe mani kati ba ɓata lokaci, nas ta auna jini da nauyi da tsawo, amma jiran likita ya yi yawa ga wadda ta taso tun daga Katsina da sassafe ta bi Charanchi, Kankiya, Tsanyawa, Bichi, kuma tana son ta koma gida kafin duhu. Ba wanda ya leƙo ya ce mana ga dalilin jinkirin. Likitan namiji ne, kuma sai da na buɗe baki na ce ina son nas mace ta tsaya kafin aka kira ta. An kira ta nan take ba musu, amma a ganina a ƙasar nan bai kamata sai mace ta roƙa ba, wata kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba.

Daga nan kuma sai yabo. Likitan nan bai yi gaggawa da ni ba ko kaɗan. Ya ce Hajiya abin da mata ke kira tumbi ɗaya abu uku ne ko huɗu, kuma kowanne maganinshi daban: akwai kitsen da ke ƙarƙashin fata, akwai fatar da ta saki, akwai naman ciki guda biyu da ke saukowa daga ƙirji zuwa mara waɗanda ciki ke tura su gefe da gefe su bar fili a tsakiya, akwai kuma ƙabar cibiya. Ya sa na kwanta rigingine na naɗe gwiwa na ɗaga kai kaɗan, ya sa yatsu a saman cibiya, uku suka shige, ya ce abin da ya haura yatsu biyu, wajen santimita 2 ke nan, ana ɗaukarshi rabuwar nama. Aka yi sikanin ya tabbatar, aka kuma ga 'yar ƙaramar ƙaba a cibiyar. Game da fata ya ce kamar robar siket ce, in ta gama buɗewa ba ta komawa, ba shayi ba bel ba motsa jiki da zai mayar da ita, bel yana tallafe jiki ne lokacin da yake jikinki kawai. Na tambaye shi maganar Inna, ya ce rashin ɗaure ciki ba shi ya jawo ba, ciki bayan ciki da ƙiba da saukarta da yanayin fatar mutum su ne. Wallahi jin wannan kaɗai ya sauke mani wani nauyi.

Ya kuma ce zuƙe kitse, wanda shi 'yan Instagram suka fi tallatawa, ni ba zai amfane ni ba, don kitsen ba shi ne matsalata ba, in aka zuƙe sauran ma fatar ƙara zubowa za ta yi.

Aikin da ya dace da irina ya zana mani shi a takarda. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, aikin kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu ko fiye, a yanka ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗaga fatar har wajen haƙarƙari, a ɗinke naman da ya rabu, a jawo fata ƙasa a yanke rarar, sannan a huda wa cibiya sabon wuri ta fito. Tsohon tabon haihuwa yakan tafi tare da fatar da aka yanke, haka nanƙarwar da ke ƙasan cibiya, amma ta sama tana nan. Bayan aiki yawanci akwai 'yar roba da ake bari tana janye ruwa na wasu kwanaki, tafiya a duƙe wajen mako ɗaya ko biyu, bel na asibiti wajen mako shida, kuma a mako shidan nan ba ɗaukar abu mai nauyi, ba goyo, ba jan ruwa, ba daka, salla ma a zaune za ki fara. Nan na tsaya na yi tunani, don autana har yanzu a baya yake barci.

Haɗarin ma bai rufe mani ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Ruwa na iya taruwa ƙarƙashin fata sai an zuƙe da sirinji, jini na iya taruwa, ciwo na iya ruruwa ko ɗinki ya buɗe, ƙasan cibiya na iya mutuwa ba ki jin taɓi na watanni, wani ma ba ya dawowa duka. Wanda ya fi tsoratarwa shi ne gudan jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, wannan yana kisa, shi ya sa ake tada mutum ya fara takawa da wuri, a sa mashi safa mai matsewa, wani a yi mashi allurar tsinka jini, kuma mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai isturojin akan ce ta dakata wajen mako huɗu kafin aiki. Sai maganar tabo, wadda ta shafe mu baƙar fata musamman, don jikinmu ya fi saurin yin tabo mai tudu. Ya duba tabon haihuwata da hujin kunnena, ya ce nawa ya ɗan yi kauri, don haka kar in sa rai da siririn layin da nake gani a hotunan Turawa. Tabo ne mai tsawo, zane zai rufe shi, amma yana nan har abada.

Ni na kawo maganar marigayiya Stella Obasanjo, don duk wanda ya yi wayo a 2005 ya tuna matar shugaban ƙasa ce ta rasu a Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, kuma Baban yara da ita ya fara kafa mani hujja. Likitan bai ce ai wannan daban ba, ya ce gara da kika tuna, tunda in ya faru da mai wannan gatan to kowa ya yi tambaya kafin ya kwanta. Shi ya gaya mani abin da zan tambayi kowane likita har da shi: rajistarshi da hukumar likitoci ta MDCN da lasisin bana, takardar ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki daga kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Najeriya, wa zai sa ni barci, likita ne ƙwararre ko kuwa, akwai jini a ajiye, akwai ɗakin kulawa ta musamman ko ina za a kai ni in abu ya rikice da tsakar dare. Na tambaya, ya amsa ɗaya bayan ɗaya bai ɓata rai ba. Ɗakin kulawa ta musamman ba su da shi, sai dai a kai mutum wani asibiti, kuma wannan ya tsaya mani a rai har yanzu.

Sai ya yi mani tambayar da ta yanke zancen, Hajiya kin gama haihuwa? Na yi shiru, don ni da Baban yara ba mu taɓa zama mun yanke wannan ba, kuma mu a nan ba magana ce da ake yankewa da sauƙi ba. Ya ce aikin ba ya hana ɗaukar ciki, amma wani cikin zai iya buɗe abin da aka ɗinke ya sake sakin fatar, kuɗi da wahala sun tafi a banza. Ya ce kuma yana son nauyina ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida, yawan jinin jikina ya ƙaru don ya ɗan yi ƙasa, a tabbatar hawan jinin ya lafa, a duba suga da jinotayif da zuciya. A taƙaice ya ce ba zai yi mani yanzu ba. Mutumin da aka kawo mashi miliyoyi har ofis ya ce ki koma gida tukuna, ni dai wannan ya isa in ba shi shaida.

Miliyoyin kuwa da gaske ne, kuma inshorar lafiya ta NHIA ba ta biyan tiyatar kwalliya, daga aljihunki ne. A nan ma akwai gyara: farashin da yarinyar WhatsApp ta faɗa mani bai haɗa da gwaje-gwaje da kuɗin gado da bel da magunguna ba, sai a wurin mai karɓar kuɗi na ji sauran, kuma da na ce a rubuta mani komai a takarda ɗaya sai aka fara kame-kame. Ban ji sun yi tanadi ba kuma don mu na nesa. Ana buƙatar dawowa wanki da cire roba da dubiya, hanyar Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ce, ba tafiyar da mai sabon ɗinki za ta riƙa yi a mota ba ce, ga zaman mota mai tsawo shi kanshi yana ƙara haɗarin gudan jinin nan. Dole ki nemi gidan 'yan uwa a Kano na mako biyu ko fiye da mai jinya, ki sa wannan a lissafi tun farko.

Ɓangaren addini na kai wa Malamarmu ta Islamiyya, don ya dame ni ƙwarai kar in shiga canza halittar Allah. Ta ce malamai sun bambanta tsakanin mai neman ƙarin kyau kawai da mai gusar da cuta ko mayar da jiki yadda yake, ta kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ta ce ƙuraje da ciwon baya da ƙaba larura ce, amma in binciki niyyata, kuma in har tsoron kishiya ne ko maganar mutane ke tura ni to in dakata. Na ga gaskiyarta, don na san mata da yawa da wannan tsoron ne ke kai su hannun waɗanda ba likitoci ba.

Yanzu dai abin da likitan ya rubuta mani nake bi. Ya tura ni sashen gashi, wato fisiyo, kuma akwai shi nan Asibitin Koyarwa na Tarayya, tsohon FMC, ba sai na je Kano ba. Sun koya mani motsin numfashi da jan cibiya ciki da yadda zan riƙa juyawa gefe kafin in tashi daga kwance, suka ce in bar motsin nan na kwanciya ana ɗago ƙirji muddin tsakiyar cikin yana tsini. Ciwon bayan ya yi sauƙi, fatar kuwa tana nan yadda take kamar yadda aka gaya mani. Ƙurajen ina wankewa in busar sosai in sa ƙyallen auduga a ƙarƙashi, in ya tashi akwai man shafawa da ya rubuta. Ƙabar ya ce a sa mata ido, amma ranar da ta yi tauri ta ƙi komawa, ko ciwo mai tsanani da amai, asibiti mafi kusa nan take ba jiran safiya.

Likitan zan iya tura ƙanwata wurinshi ba fargaba. Masu amsa waya da masu lissafin kuɗi su ne ke buƙatar gyara. In za ki je ki tafi da takardun haihuwarki da sunayen duk magungunan da kike sha har na gargajiya da na mata, ki tafi da Baban yara ko wata babba taki don kunne biyu ya fi ɗaya, ki karɓi rasit, kuma kar ki tura ko kwabo na kafin alƙalami sai likita ya duba ki da hannunshi.