Shagon gyaran rediyon Usta a Bab Makka, aikinsa da abin da na gani ranar da aka kama ɗan ƙungiyarmu

Jama'a masu tambayata ina ake gyaran rediyo a Jidda, ga amsa. Akwai wani dattijo a lungun Bab Makka, Usta kowa ke ce masa, shagon ko mutum uku ba ya ɗauka amma nan ne majalisarmu ta masu sauraron gajeren zango, mu da har yanzu sai mun murɗa mun kamo tashoshi irin su BBC Hausa a akwati duk da ga su nan a waya. Yara na mana dariya wai BBC Hausa tun 1957 take, mu ma tun lokacin muke. Su suka sani.

Tawa Tecsun PL-660 ce, ta fara shaƙewa tana ɗaukewa. Da na kai masa ko kunnawa bai yi ba, ya buɗe gidan batir ya nuna min tsatsa kore shar a kan sifirin, ya ce danshin Jidda da gishirin Bahar Maliya ne, kuma laifina ne da na bar batir huɗu a ciki na tafi Kano wata biyu. Ya kankare, ya ɗiga dalma, riyal talatin. Ƙugin da nake ji da daddare kuwa ya ce rediyo lafiyarta lau, cajar waya da fitilar LED ɗin ɗakina ne, in cire su in ja waya doguwa ta taga. Na yi, wallahi tas.

Inda ya gaza shi ne alƙawari. In ya ce bukra, wato gobe, to ka ƙara kwana huɗu, bayan la'asar kuma sai ya ga dama yake buɗewa, sau biyu ina cin kuɗin mota a banza.

To abin da ya sa ma na zauna rubutun nan. Watannin baya askarawa suka kama wani ɗan ƙungiyarmu, ba zan kama suna ba, ana zargin oba-oba ɗin da yake sayarwa, wato rediyon hannu na magana, na sata ne daga wani kamfanin gini, ga shi dama irin wannan kaya a ƙasar nan ba a riƙe su haka kawai sai da lasisi. Kafin isha an cire shi daga guruf ɗinmu na WhatsApp, wani ya goge duk hotunan da suka ɗauka tare, wani ya ce shi dama tuntuni jikinsa bai ba shi ba, alhali shi ne mai cin kabsar mutumin duk Juma'a. Ban ga laifin masu tsoro ba fa, kowa iƙamarsa yake ji, wato takardar izinin zama, wanda ba shi da ita ma tarhil yake hangowa, wato a kore shi gida, ni kaina sati guda ban leƙa shagon ba, ƙarya ba kyau. Amma tsoro daban, cin naman mutum tun alƙali bai ce komai ba daban.

Ashe tsohuwar rediyon Sony ɗin mutumin na hannun Usta. Da na koma na tarar da ita a kan kantar shagon an naɗe a leda, wani a cikinmu har yana tayawa wai mai ita ba yanzu zai fito ba. Usta ko ɗago kai bai yi ba, ya ce "Alhaji amana ce, ba ta sayarwa ba ce." Da matar mutumin ta aiko ɗansu Usta ya miƙa masa, yaron ya ciro kuɗi, ya ce "mayar aljihu ɗana, ka gaida Hajiya, ka ce an sa sabon batir." Shi ke nan, bai ce mutumin ya yi ba bai ce bai yi ba, kuma daga ranar ya hana zancen a shagonsa, duk mai so ya fita bakin titi.

Oba-oba dai Usta ya daina karɓa gaba ɗaya, kada ku wahalar da kanku. Rediyon gida kuwa ku kai, ku tafi da tsabar kuɗi don ba ya karɓar kati, kuma ku kira kafin ku taso.