Prednisolone da karen gadinmu, wata 5 ina ƙirga ƙwaya

Jama'a barkanmu da sanyi. Akwai maganin da nake so in yi magana a kai saboda masu kare ko mage a gida, sunansa prednisolone, ƴar ƙaramar ƙwaya mai 5mg wadda kusan kowane kemis a Jos akwai ta, kuma wallahi kuɗin kati ɗaya bai kai abin da nake kashewa a keke daga Farin Gada zuwa Terminus ba.

Karen gadinmu Taiga ne ya kwanta. Kare mai nauyin kilo 20 da in baƙo ya taɓa get sai unguwa ta sani, kawai aka wayi gari ya ƙi abinci, yana ta haki, fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba madara. Ƙanina ne ya ɗaga masa leɓe ya ce yaya duba dasashin nan, fari fat kamar takarda har da ɗan rawaya rawaya. Ni na ɗauka kaska ce don damina ta wuce da su da yawa, shi ma likitan dabbobi abin da ya fara nema kenan, ya ce cututtukan kaska irin su babesiya da elikiya suna kawo irin wannan ƙarancin jini kuma dole a fara bincikarsu. Aka ɗibi jini, PCV ɗinsa, wato kason jajayen ƙwayoyin jini cikin ɗari, 16, alhali lafiyayyen kare daga wajen 37 ne zuwa 55. Ba a ga ƙwayar cutar kaska ba. Abin da ya fito shi ne garkuwar jikinsa ce da kanta take farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, sojan gida ya juya bindiga cikin gida.

Nan aka ɗora shi kan prednisolone. Yadda dokta ya min bayani, maganin kwaikwayon wani sinadari ne kotizol da jiki ke yi a wasu ƴan halittu da ke saman ƙoda, in aka ba da shi da yawa sai ya danne garkuwar ta daina ɓarna. Ƙwaya 8 a rana, 4 safe 4 dare, wato 2mg a kowane kilo. Ina cusa su cikin kifin gwangwani don in ka ba shi haka tsura zai riƙe a baki, ka juya baya ya tofar.

Gaskiya magani ya yi aiki. Cikin sati biyu dasashi ya fara ja, jini ya hau 27, haushi ya dawo.

Amma fa ba wanda ya shirya ni da abin da zai biyo baya, ko da yake an faɗa min, ji daban gani daban. Ruwan da yake sha ya ninka, fitsari kuwa ba a magana, ƙarfe 2 na dare cikin sanyin Disamba na Jos ka fito da bargo kana buɗe masa keji. Ga yunwa kamar an aiko shi, har buhun dusar kajin Hajiya ya yaga. Ciki ya yi tulu, cinyoyi suka zube, sai na tuna masu shan irin waɗannan ƙwayoyi wai don su yi ƙiba, ashe irin ƙibar kenan.

Kuskurena a sati na shida ne. Na ga ya warware, ƙwaya ta ƙare, na ce ai shi kenan. Kwana kaɗan ya sake laƙwas, dasashi ya koma fari. Dokta bai ɓoye fushinsa ba, ya ce Malam wannan ba farasitamol ba ne, jiki ya saba ana ba shi daga waje har ya rage yin nasa, a hankali ake janyewa, kamar a rage kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan sati uku ana duba jini, kuma yawanci wata 3 zuwa 6 ake yi. Muka koma farko, kuɗin gwaji sabo.

Wani yaron kemis kuma da na ce masa kare na ɗingishi sai ya miƙo min diclofenac wai in haɗa. Allah ya sa na kira dokta tukuna, ashe haɗa maganin ciwon jiki irin wannan da prednisolone na iya jawo olsa har da zubar jini a ciki. Ya kuma hana mu zuba masa ragowar miya mai albasa, ita ma tana fasa jinin kare da mage.

Masu mage ku lura da suna a jikin kwali, akwai prednisone akwai prednisolone, jikin mage ba ya iya juya na farkon ya koma na biyun sosai, na biyun ake ba ta, kuma in an daɗe yana iya jawo mata ciwon suga. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan kar wanda ya kwafi ƙwaya 8 ɗina dan Allah, a auna dabba a gwada jini tukuna.

Yanzu Taiga na kan ƙwaya 1 bayan kwana bibbiyu, gwajin ƙarshe 41. Dusar Hajiya dai har yau a saman firji take kwana.