Mayafin Mona Lisa da na La Velata: kowanne da abin da yake faɗa

'Yar uwa, kin tambaya game da zanen mata biyu: ko baƙin mayafin da ke kan Mona Lisa na takaba ne, kuma ko farin da ke kan La Velata lulluɓin amarya ne. Mu jera su mu gani.

Na Mona Lisa, wadda Leonardo da Vinci ya fara zanawa wajen 1503, shara-shara ne ƙwarai. Sai kin matso da hoton za ki ga bakinsa, wani siririn layi da ya ratsa saman goshi, ya sauko ta kan gashi. Takaba kam ba ita ba ce, domin mijin Lisa Gherardini (matar da aka zana), Francesco del Giocondo, ɗan kasuwar siliki a birnin Filorens, yana raye lokacin. Wasu sun ce makokin 'yarta ne da ta rasu a 1499, wasu kuma suka ce irin mayafin masu ciki ko masu jego ne. Ni na fi gamsuwa da bayani mafi sauƙi: matar aure ce ta gidan mutunci, haka irinta ke rufe kai. Leonardo bai sa mata ko zobe ba, mayafin kaɗai ya bari ya nuna matsayinta.

Zanen La Velata, wanda Raphael ya yi kimanin shekara goma bayan haka, yana Fadar Pitti a Filorens yanzu, kuma a nan hankalina ya fi tsayawa. Mayafin mai kauri ne, ya zubo daga ka har kafaɗu, ya kewaye fuskar. Ga lu'ulu'u a gashi, ga hannu a ƙirji, ga hannun riga fari mai ratsin zinariya da ya kumbura ya kusa cinye rabin hoton. Rufe gashi haka alamar aure ce a wurinsu, amma Raphael bai taɓa aure ba har ya rasu a 1520, kuma an daɗe ana cewa matar da ke hoton masoyiyarsa ce, 'yar wani mai gasa burodi. Ki kuma dubi zanensa na Maryama da ke birnin Dresden na Jamus: fuskar kusan ɗaya, zubin mayafin ma haka. A ganina da gangan ya ara mata suturar da masu zanen coci suka saba yi wa Maryama, don ya ɗaga darajarta.

Lulluɓin amaryarmu fuska yake rufewa, shi ya sa ake sayen baki a buɗe kai. Waɗannan biyun fuskarsu a buɗe take, suna kallon mai kallonsu ido da ido.